Lafiyar Barebari Daga Kujerar Matuƙin MiG-21

Matafiyin da ya baro Abuja da hantsi, ya wuce Keffi, ya karya kwana a Akwanga ya nufi kudu, zai yi ta gangarawa ne ta gefen duwatsun Eggon har hanya ta miƙe ta shigar da shi Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. In da kaka ya zo, tun kafin ya shiga gari zai fara cin karo da motocin doya, da buhunan riɗi da na agushi an jibge a bakin titi ana jiran mai saye. In kuwa bai tsaya ba, ya bi ta Agyaragu da Kadarko, to bayan tafiyar kimanin kilomita 100 zai iske kansa a bakin Kogin Binuwai yana hangen Makurɗi a tsallake. A can tsallaken ne Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya take da babban sansaninta na jiragen yaƙi.

Wanda ya shimfiɗa taswira ya ɗora zare daga Makurɗi zuwa Kano, zai ga zaren nan ya bi ta kan Lafiya, ko kuwa dab da ita. Tafiyar da mota ke yi cikin awa ɗaya da rabi ko biyu, jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa cikin minti shida yake cinye ta. Watau ga matuƙin da ya tashi daga sansanin ya fuskanci arewa, Lafiya ce babban gari na farko da zai gilma a ƙarƙashin fikafikansa. Wannan maƙwabtaka ce ta haɗa garin da labarin jirgin nan MiG-21, wanda a zamaninsa shi ne ƙashin bayan mayaƙan saman ƙasar nan. Jirgin ya daɗe da yin shiru. Ƙofa ɗaya da ta rage wa ɗan Lafiya ta shiga cikinsa a yau ita ce ta kwamfuta, ta hanyar manhajojin da ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama, waɗanda mutum ke iya amfani da su yana zaune a ɗakinsa.

Garin da fatake suka raya

Kafin a hau sama, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da za a ratsa. Tarihi ya nuna Barebari ne, a ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama, suka kafa sarautar Lafiya, shi ya sa har gobe ake kiranta Lafiyar Barebari. Sun zauna ne a tsakiyar al'ummomi da yawa, kamar Alago da Eggon da Migili da Gwandara, daga baya Hausawa da Fulani da Tibi suka ƙara cika ƙasar. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, mashigin jiragen ruwa a bakin kogi. A lokacin nan da zango ake auna nisa, kowane zango kuwa yini ne na tafiyar jaki da ɗan dako.

Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu ya nufi Kafanchan, ya ratsa ta Lafiya, a 1932 kuma aka buɗe gadar Makurɗi wadda ta ɗauke shi ta kan Binuwai. Daga nan kwanaki suka koma awoyi. Ta fuskar mulki, garin ya zauna a Lardin Binuwai, ya shiga Jihar Binuwai da Filato a 1967, ya koma Jihar Filato a 1976, har zuwa ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa ta mai da Lafiya hedkwatarta. Jaki da jirgin ƙasa da mota duk sun bar wa garin wani abu, domin kowannensu yakan tsaya ya sauke kaya ya ɗauki wasu. Jirgin yaƙi shi kaɗai ne baƙon da ba ya tsayawa, kuma mai gudun irinsa sau da yawa sai ya wuce kafin na ƙasa ya ɗaga kai.

Jirgin da aka saya daga Rasha

An kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya a 1964. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Tarayyar Sobiyet ce ta sayar wa gwamnatin tarayya jiragen MiG-17, daga nan hulɗar ta ƙullu. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, sai aka kawo MiG-21 guda 25 masu kujera ɗaya, da guda 6 masu kujera biyu don koyarwa. A 1984 aka ƙaro wasu 12 na samfurin da ake kira bis, wanda ya fi na farkon ƙarfin inji. A wannan shekarar ce kuma jiragen Jaguar 18 suka fara isowa daga Ingila. Makurɗi ce ta zama babban gidan waɗannan jirage.

Sunan MiG ya samo asali ne daga sunayen injiniyoyi biyu, Mikoyan da Gurevich. Jirgin ya fara aiki a Rasha a 1959, an ƙera fiye da 10,000, ƙasashe kusan 60 kuma sun yi amfani da shi. Siffarsa kamar bututu ce da aka manna wa fikafikai masu kusurwa uku, hancinsa a buɗe don shaƙar iska, da wani tsinin ƙarfe a tsakiyar hancin wanda ke matsawa gaba ko baya gwargwadon gudu. Yana iya ninka gudun sauti sau biyu, watau fiye da kilomita 2,000 a awa. An yi shi ne don aiki guda: ya tashi da sauri, ya tare jirgin abokan gaba, ya dawo. Saboda haka man da ke cikinsa bai kai lita 3,000 ba, kuma in ba a rataya masa ƙarin tanki ba, da wuya ya cika awa guda a sama.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A 2014 wani ƙaramin kamfani mai suna Leatherneck Simulations ya fitar da kwaikwayon MiG-21bis a cikin manhajar DCS World, watau dai irin samfurin da Nijeriya ta saya a 1984. An kwaikwayi mazaunin matuƙin ne filla-filla, ta yadda kusan kowane makunni da ke ciki yana aiki. Abin da mutum ke buƙata shi ne kwamfuta mai ƙarfi, da sandar tuƙi, da totur na hannu, in da hali kuma da matakan ƙafa. Da zarar allon ya buɗe, abin da zai fara ɗaukar ido shi ne launin shuɗi mai ratsin kore da Rashawa ke shafa wa mazaunin jiragensu, sai agogai masu allura birjik, da makunnai jere a hagu da dama. A jirgin ainihi na Rasha duk rubutun da harshen Rashanci yake. Gudu da kilomita ake auna shi, tsawo kuma da mita, saɓanin jiragen Turai da Amurka masu amfani da ƙafa.

Wanda ya zaci zai danna maɓalli ɗaya ya ga kansa cikin gajimare, nan take zai gane ya yi batan kai. Sai an kunna batir da janaretoci, a kunna famfunan mai ɗaya bayan ɗaya, a ɗana na'urar kashe gobara, a zare totur daga makullinsa, sa'an nan a danna maɓallin tayar da inji a zuba wa allura ido har ta daidaita. Bayan haka a rufe murfin gilashi, a kulle shi, a toshe shi don kada iska ta fita a can sama. A kunna na'urorin da ke nuna karkatar jirgi da alƙibla, a jira su natsu. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, ko dai injin ya ƙi tashi, ko kuwa ya tashi lafiya ƙalau amma kamfas ya yi ta yi masa ƙarya har ya ɓace a sarari.

Ko tafiya a ƙasa ma darasi ce. Tayar gaba ta MiG-21 ba ta da sitiyari. In mutum yana son ya juya, sai ya taka matakin ƙafa na ɓangaren da yake nufi, ya matse hannun birki da ke jikin sandar tuƙi, tayar wannan ɓangaren ta cije, jirgin ya karkata. Birkin kuwa da matsattsiyar iska yake aiki, wadda aka ɗura a tulu kafin tashi, kuma ba a ƙara ta a sama. Wanda ya yi almubazzaranci da ita a kan hanyarsa ta zuwa titin tashi, zai nemi birki ya rasa a lokacin da ya fi buƙatarsa. Sabon shiga yakan kwashe kwanaki yana faɗawa cikin ciyawa kafin ya iya kai jirgin bakin titi a miƙe.

Minti shida zuwa Lafiya

A nan akwai wani cikas da ya shafi ɗan Nijeriya. Taswirorin DCS World na wasu yankuna ne ƙalilan, irin su Kaukasas da Siriya da Tekun Fasha, babu Nijeriya a ciki. Saboda haka mai koyo zai ƙware a jirgin ne a sararin wata ƙasa. In yana son ya ga tasa, sai ya koma ga manhajojin da suka ƙunshi duniya baki ɗaya, kamar FlightGear, wadda kyauta ce kuma tana da nata MiG-21, ko Microsoft Flight Simulator ta 2020, wadda aka gina ƙasarta daga hotunan tauraron ɗan'adam. A can ne zai iya ajiye jirginsa a Makurɗi ya fuskanci gida.

Ana tura totur har ƙarshe, sai a kunna wutar ƙari, watau a riƙa fesa ɗanyen mai a cikin bututun hayaƙi yana kamawa, harshen wuta ya fito ta wutsiya. Jirgin ba ya barin ƙasa sai ya zarce kilomita 300 a awa. Da ya ɗaga, a naɗe tayoyi, a mai da hannunsu tsakiya don kada iskar nan ta birki ta zurare, a naɗe faifan fikafikai, a kashe wutar ƙari domin tana shan mai kamar rairayi na shan ruwa. Kafin a gama wannan, Binuwai ya riga ya wuce a ƙasa, da gadojinsa biyu da tsibiran yashinsa.

Daga nan sai aikin ido da agogo. A gudun kilomita 900 a awa, kowane minti ɗaya kilomita 15 ne. Titin mota da layin dogo suna tafiya arewa kamar zare biyu, su ne jagora. A dama can nesa ƙasar Keana da Awe ce, inda mata suka gaji dafa gishiri tun kaka da kakanni. A hagu, gab da isowa, ga Doma, garin Andoma, da ruwan madatsarta. A minti na shida sai rufin gidajen Lafiya su bayyana, kuma garin da faɗinsa ke cinye wa mai tafiya a ƙasa awoyi, jirgin zai ratsa shi cikin ƙasa da minti guda. Wanda ya sunkuya duba ma'aunin mai a daidai lokacin, in ya ɗago sai dai ya ga duwatsun Eggon sun taso a gabansa.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da allon ke nunawa. Kogi da tudu da titi suna nan a inda Allah da ɗan'adam suka ajiye su, amma gine-ginen kwamfuta ce ke ƙago su da kanta. Ba za a gane fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya hau karaga a 2019 bayan rasuwar Alhaji Isa Mustafa Agwai, da siffarta ba. Ba za a ji hayaniyar kasuwar doya ba, ko ƙamshin mangwaro da bazara. Sai dai matuƙin gaske ma, a irin wannan gudu, bai fi haka gani ba, balle a lokacin hunturu sa'ad da hazo ke rufe ƙasa. Wanda ke son sanin Lafiya, dole ya sauko ya taka ta da ƙafa.

Sauka ta fi tashi wuya

Masu iya magana sun ce hawa ba wuya, sauka ita ce aiki, MiG-21 kuwa ya gaskata su. Fikafikansa ƙanana ne, an yi su don gudu, saboda haka in ya rage sauri sai ya riƙa nitsewa. Yana tunkarar titi ne da gudun da ya wuce kilomita 300 a awa, hancinsa a ɗage yana tare wa matuƙi gani. Akwai kuma wata dabara da aka yi masa, ta ɗebo iska daga inji ana hura ta a kan faifan fikafikai don su ƙara riƙe shi. Ma'anar wannan ita ce wanda ya saba da ƙananan jirage, ya janye totur gaba ɗaya kafin taya ta taɓa ƙasa, ya yanke wannan iskar ke nan, jirgin zai faɗo kamar buhun gishiri. Bayan taɓa ƙasa sai a saki laimar da ke wutsiya ta buɗe ta ja shi baya, sa'an nan a matse birki da sauran iskar da aka tattala.

Duk wannan ana yin sa ne ido ɗaya na kan ma'aunin mai. Wanda ya ɓata lokaci yana kewaya Lafiya da wutar ƙari, zai dawo Makurɗi ba shi da na sake zagayowa in saukar farko ta ƙi. A ɗaka, kuskure irin wannan maɓalli ɗaya ake dannawa a sake farawa. A sarari kuwa, zaɓin da ya rage wa matuƙi shi ne ya ja hannun kujerar da ke cilla shi waje. Indiya, wadda ta daɗe tana dogara ga wannan jirgi, ta yi asarar matuƙa da yawa a cikinsa kafin ta sallame shi a 2025. Kwamfuta ba ta iya kwaikwayon nauyin da ke danne mutum a kujera sa'ad da jirgi ya yi kwana, ko zafin da ke cikin gilashin nan da azahar a kwarin Binuwai. Amma wanda ya yi saukar nan sau ɗari kafin ya dace sau ɗaya, zai fito da girmamawa ga 'yan ƙasar nan da suka yi ta da ransu guda.

Abin da ya kwantar da jiragen

Akwai wani abu da manhaja ke ɓoyewa. Kullum aka buɗe ta, jirgin sabo ne fil: tayoyi lafiya, batir a cike, tulun iska a ɗure, laima a naɗe, sifirit ɗin da ke sanyaya na'urar rada an zuba. A sansanin gaske, kowanne daga cikin waɗannan aikin wani makaniki ne da ya yi sammako, da kayan da sai an sayo daga waje da kuɗin ƙetare. Injin kansa bayan 'yan ɗaruruwan awoyi na aiki dole a sauke shi a yi masa garambawul. Da farashin man fetur ya faɗi a 1986, darajar Naira ta bi shi, kayan gyara suka yi tsada. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje, hanyar samo su ta ƙara rikicewa. Jiragen Jaguar aka ajiye su a farkon shekarun 1990, ba su cika shekara goma suna aiki ba, MiG-21 ma a cikin waɗannan shekaru suka daina tashi. Abokan gaba ba su kakkaɓo su ba, rashin kayan gyara da kuɗin kulawa ne ya kwantar da su a ƙasa.

Jininsu dai bai yanke ba. Jiragen F-7 guda 15 da aka kawo daga Sin a wajen 2010 jikokin MiG-21 ne, domin daga gare shi Sinawa suka kwaikwayo ƙirarsu. A 2021 kuma aka ƙaddamar da JF-17 guda uku daga Pakistan a sansanin Makurɗi. Tambayar da ta kwantar da na farko tana nan tana jiran na baya: wa zai riƙa gyara su, kuma da me?

Lafiya ma yanzu tana da ruwa da tsaki a wannan tambaya. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jirgin sama da ke Kwandare kusa da gari, wanda aka soma a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura aka kammala a zamanin Gwamna Abdullahi Sule. A wannan ziyarar ce aka buɗe babbar tashar wutar lantarki ta Akurba, bayan shekarun da garin ya yi yana fama da wuta mara ƙarfi. Tun 2011 kuma akwai Jami'ar Tarayya a Lafiya. Filin jirgi ba kwalta ce kaɗai ba, yana buƙatar masu kula da zirga-zirga, da makanikai, da masu duba yanayi, kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya tun 1964 take horar da irin waɗannan ma'aikata.

Kwamfutar da za ta ɗauki manyan manhajojin nan ta fi ƙarfin aljihun yawancin iyaye, sauke su daga intanet ma kuɗi ne. Amma ba ta fi ƙarfin makarantar sakandare ko ɗakin karatu na jiha ba, musamman da yake FlightGear kyauta ce. Yaron da ya koyi bin matakai ashirin a jere ba tare da tsallake ɗaya ba, ya koyi raba kilomita da minti a ka, ya koyi tattalin mai da iska, ya riga ya ɗanɗani tarbiyyar da aikin jirgin sama ke nema, ko da daga baya makaniki ya zama. Tsofaffin matuƙa da makanikan da suka yi aiki da MiG-21 a Makurɗi kuwa shekaru sun ja musu, kuma abin da suka sani babu shi a cikin wata manhaja. Zai kyautu hukumomin ilimi na jihar da Rundunar Mayaƙan Sama su haɗa su da ɗaliban Lafiya a gaban allo ɗaya tun suna da rai da lafiya, su nuna musu inda kwamfuta ta yi daidai da inda ta gaza. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar awa biyu ce kawai a mota.